Shekarar da Lamduan Ta Sa Aka Aske Tsofaffi Uku

Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyenmu Non Tum ya san marigayiya Iya Lamduan. Ko bai riƙe fuskarta ba, ya riƙe ƙarar turminta. Tun hantsi take zama a rumfar ƙofar gidanta tana kirɓa kwaɗon ɗanyar gwanda da barkono da daddawar kifi, taɓarya na aiki, baki na aiki. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, kuma idan ta yi dariya sai kajin maƙwabta sun watse. In ka ce ta rage maka barkono, za ta ce to, sannan ta ƙara.

Ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya goma na uwarta. Aji huɗu ta yi a makaranta aka cire ta, ta koma goyon ƙanne da dashen shinkafa. Tana 'yar sha tara ta auri Bunthom, dogon mutum marar magana, manomi kuma masaƙin tarkon kifi na gora. Mutane suka ce an haɗa rediyo da bango. A shekarun da ma'aikatan lafiya suka fara shigowa ƙauye da maganin tazarar haihuwa, Lamduan ce ta farko a layi.

"Na ga abin da goma suka yi wa uwata," in ji ta. "Biyu sun ishe ni."

Biyun ta haifa. Wanphen, babbar, ta tafi Bangkok aikin ɗinki a masaƙa, ta haifi 'ya ɗaya ta ce ta gama. Prasit ya tafi Taiwan aikin ƙarfe, bai yi aure ba, sai hoton karensa sanye da riga yake aiko mata a waya. Lamduan takan nuna mana hoton ta ce, "Ku gaisa da jikana. Ya gaji hancin kakansa."

Haka gidan kowa ya zama. Muka haifa kaɗan, kaɗan ɗin suka tafi inda albashi yake, mu kuma maganin asibiti ya hana mu mutuwa da wuri. Makarantar ƙauye ta rasa ɗalibai aka rufe ta, filinta ya koma wurin da tsofaffi ke motsa jiki da yamma. Manomi mafi ƙuruciya a Non Tum ya doshi sittin, kuma har yau "yaro" muke ce masa, muna aikensa.

Abu ɗaya ne yake dawo mana da yaranmu gaba ɗaya: bikin Kathin. Idan 'yan zuhudu suka gama zaman damina na wata uku a gidan ibada, jama'a kan kai musu sabon yadin riga da kiɗa da rawa. 'Yan Non Tum da ke Bangkok suna da ƙungiya, su ke ɗaukar nauyin bikin, su yi hayar babbar mota su cika ta. Kwana biyu ƙauye yakan tuna da yadda kukan jariri yake. Amma bikin yana da sharaɗi: sai 'yan zuhudu biyar sun yi daminar tare a wuri ɗaya, ba wanda ya fasa. A da wannan ba abin tunani ba ne, don kowane saurayi sai ya yi damina ɗaya cikin rawayar riga kafin a ba shi mata. Yanzu samarin suna kan babura a Bangkok suna kai wa mutane abinci.

A shekarar da ake magana, damina na gabatowa, Luang Pho, wato babban ɗan zuhudunmu, ya gama cin abincin safe ya dube mu ya ce bana babu Kathin. Ɗaya daga cikin su biyar ɗin ya rasu, ɗaya ciwo ya mayar da shi wurin danginsa, ƙaramin kuma ya tafi birni karatu. Saura shi da wani tsoho da ido ya yi wa rauni.

Lamduan ta haɗa tafukanta a ƙirji kamar yadda ya kamata, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Ranka ya daɗe, a aro uku daga wani wuri ranar bikin mana. Na ji wasu suna yi."

"Wasu suna yi," in ji Luang Pho. "Ni dai ban iya aron ɗan zuhudu kamar tukunyar biki ba. Wanda bai kwana damina a nan ba, ba ya cikin lissafi."

Da ta koma gida ta kira Wanphen. Ashe labari ya riga ta. Ƙungiya ta ce in haka ne za su kai bikin babban gidan ibada na bakin titi, can kusa da kasuwar gunduma.

"Iya, bana kaɗai ne fa. Can ma lada ne."

Lamduan ta ce to, ta ajiye wayar, ta daɗe tana kallon turmi. Ta san abin da "bana kaɗai" ya yi wa ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Su ma shekara ɗaya suka tsallake. Yaransu suka ga bakin titi ya fi sauƙi, akwai wurin ajiye mota, akwai banɗaki mai kyau. Yanzu jemagu ne a gidan ibadarsu, kuma yaran ba sa shiga ƙauyen sai an ce wani ya mutu.

Ta tarar da Bunthom a inuwar ƙarƙashin gidansu na kan turaku yana fere gora.

"Tsoho, kana jina?"

"Kunnena yana wurinsa."

"Bana za ka shiga zuhudu."

Bai ɗago ba. "Na shiga ai, ina ɗan ashirin. Har kin zo kallo kina ta washe baki."

"Wancan ya tsufa. Sabo za ka yi."

"Saba'in da huɗu nake, Lamduan."

"Luang Pho ya haura tamanin, ga shi nan yana hana mutane biki da ƙarfinsa."

"Gona fa?"

"Wace gonar? Injin haya ne yake huɗa, injin haya yake girbi. Kai tsayawa kake a kan kunya kana riƙe ƙugu."

"Ba sa cin abinci bayan rana ta raba."

"Likita ta ce ka rage tumbi. Kai ga magani kyauta."

Ya ajiye wuƙar a hankali. "Ke fa? Wa zai zauna da ke?"

"Shekara hamsin da ɗoriya ina jin minsharinka. Hutun wata uku ne zai kashe ni?"

Bunthom bai ce e ba, bai ce a'a ba. A gidan nan kuwa kowa ya san ma'anar hakan.

Na biyu shi ne Sawai, wanda matarsa ta rasu, ya kama abota da barasar shinkafa. Da ya hango ta tafe ya tura kwalbar bayan randa.

"Bar ta a fili, Sawai, ita ma ta ji. Matarka ta sha wahalarka shekara arba'in. Ka yi damina ɗaya, ladan ya kai mata, ko ta samu abin faɗa a can."

"Yaya Lamduan, ni fa hannuna rawa yake in ban ɗan taɓa ba."

"Sai ka riƙe ƙwaryar karɓar abinci da hannu biyu. In kuwa ka ƙi, kada ƙafarka ta sake taka rumfata. Ka je ka ci kwaɗon matar ɗan'uwanka mai kama da ruwan wanki."

Sawai ya yi ƙarfin hali na wuni guda, washegari ya zo da kansa.

Na uku shi ne Khen, mutumin kirki mai nauyin kunne, wanda ya amince tun kafin ya gane abin da ake tambayarsa. Sai dai doka ta ce ba a karɓar wanda iyayensa ba su yarda ba, kuma mahaifiyar Khen tana nan da ranta, Kaka Pheng, ta haura casa'in. Aka ɗauki faranti da furanni da kyandir aka je neman izini. Khen, da furfurarsa da jikokinsa a birni, ya durƙusa gabanta.

Kaka Pheng ta ƙare masa kallo. "Yaron nan? Ko tashin asuba bai iya ba."

"Za mu riƙa tashinsa, Kaka," in ji Lamduan. "Mu kuma za mu riƙa kawo miki abinci."

"To ku ɗauke shi. Amma kada a bari ruwa ya doke shi, tun yana ƙarami ba ya jure mura."

Ranar da aka aske su, gashin kai da gira duka, rabin ƙauye ya kusa shiɗewa don dariya. Kunnuwan Bunthom suka fito kamar marikin tukunya. Sawai da ma mai sanƙo ne, mai aski ya ce da shi a ba shi rabin godiya kawai. Bisa al'ada samari ke ɗaukar mai shiga zuhudu a kafaɗa. Muka duba gabas muka duba yamma, babu kafaɗar da za ta iya. Sai aka jera musu kujerun roba a bayan motar noma, aka riƙa musu laima, Lamduan a gaba tana rawa har gidan ibadar gunduma inda aka naɗa musu rigar.

Daga nan safiyar Non Tum ta canza. Zagayen karɓar abinci da a da ake gamawa rana na fitowa, yanzu sai shinkafa mai danƙo ta huce a kwando kafin su iso. Mutum huɗu a jere, ba takalmi, kowa da irin ɗingishinsa, na biyar, mai raunin idon, yana jira a gidan ibada. Lamduan takan durƙusa a bakin hanya, ta sa dunƙulen shinkafa cikin ƙwaryar mijinta ba tare da ta taɓa shi ba, don mace ba ta taɓa ɗan zuhudu, ko da uwar 'ya'yansa ce. Da ƙarfi sai ta ce, "Ranka ya daɗe, Luang Ta," sunan girman da ake kiran tsohon ɗan zuhudu da shi. Ƙasa-ƙasa kuma ta ƙara da, "Rigarka ta karkace, tsoho, ana ganin gwiwarka."

Shi kuwa ba halin ya amsa, don ba a magana a zagayen. Muka ce Lamduan ta samu irin mijin da ta daɗe tana nema. Amma mu da muke kusa mun ga abin da take yi. Kifin da ya fi tsoka shi take cire wa ƙaya ta naɗe a ganye, kuma ba ta komawa rumfa sai jerin ya sha kwana ta daina hango bayansa.

Damina ta yi tsakiya, shinkafa ta rufe ruwa a gonaki, sai wata rana taɓarya ta suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, ta bi ta ƙasa. A asibitin birni aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hagu. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ya ɗan karkace, amma bai daina aiki ba. Wanphen ta zo a gigice, ta kwana biyu tana kuka tana cewa za ta bar aikin.

"Ki bari ki ci me? Ki ciyar da 'yarki da me? Koma. Ki dai tabbata motar nan ta zo."

Aka dawo da ita gida, aka shimfiɗa mata a gadon gora na ƙarƙashin gida, don ba mai iya hawa da ita bene. Mu ƙawayenta muka raba kwana. Ƙaramar cikinmu ta wuce sittin, kuma sai mun haɗu mu uku muke iya ɗaga ta, ɗaya na nishi, ɗaya na kukan ciwon baya, ita kuma tana ba da umarni daga tsakiya.

Wata safiya muna cikin juya ta jerin 'yan zuhudu ya iso ƙofar. Ƙafar ɗayarmu ta zame, Lamduan ta tafi za ta faɗi, da kyar muka tare ta a bakin gado. Bunthom yana tsaye yana gani. Hannuwansa suka saki ƙwarya suka miƙo gaba, sai suka tsaya a iska. Ƙwaryar tana lilo a wuyansa. Ya daɗe a haka kafin ya bi sahu.

Da la'asar ya dawo. Ɗan zuhudu ba ya zama da mace sai da wani namiji a wurin, don haka ya zo da Khen. Muka shimfiɗa musu tabarma a kan benci, muka ja gefe muna tsinke ganye, kunnuwanmu kuwa ba su ja gefe ba.

"Gara da ka zo da wannan," in ji Lamduan. "Da Sawai ne, kafin dare kowa ya ji."

"Gobe zan tuɓe rigar."

"A kan wa?"

"Na faɗa wa Luang Pho. Ya ce ƙofa a buɗe take, ba laifi a kaina."

"Na ce a kan wa?"

"Na ga yadda suka ɗaga ki. Kamar buhun taki."

"Buhun ya kawo maka ƙara?"

"Lamduan."

"In ka tuɓe saura huɗu. Sawai ya sha wahalar banza, Khen ya tashi asubar banza. Ni kuma in kwanta a nan in ji motar yaranmu ta tsaya a bakin titi."

"Ni ban damu da wata mota ba."

Ba mu taɓa jin ya yi magana da wannan muryar ba. Da Lamduan ta buɗe baki, maganar ta fito a hankali, tana jan kowace kalma.

"Kai ba ka damu ba, ni na damu. Dube ni da kyau, tsoho. Ni zan riga ka. In na tafi, wa zai leƙo ya ga ko ka ci abinci? Kai ko waya ba ka iya kira ba. In akwai bikin nan, ko ba komai sau ɗaya a shekara 'yarka za ta shigo gidan nan, ta ga rufin, ta ga haƙarƙarinka. In babu, sai ranar da za a ƙona gawarka. Ɗaga ni kowa zai iya, ko da nishi. Zaman nan kuwa kai kaɗai za ka yi mini shi."

Bunthom ya sunkuyar da askakken kansa. Can sai ya zaro ɗan ƙyallen da ɗan zuhudu ke shimfiɗawa in mace za ta ba shi wani abu, ita ta ɗora a bakin can, shi yana riƙe da bakin nan. Ya shimfiɗa shi a gefen gadon. Lamduan ba ta da abin bayarwa. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ɗora a kai. Suka zauna haka, shi da gefe, ita da gefe.

Khen ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Yau ma za a yi ruwa."

Bunthom bai tuɓe ba. Kullum da safe jerin yakan tsaya a ƙofarta, mu riƙe mata hannu ta sa shinkafar, ta duba rigarsa ta sami abin gyara.

Damina ta ƙare, mutum biyar cif. Ranar jajibirin biki muna dafa taliyar shinkafa a farfajiyar gidan ibada sai muka ji ƙaho daga bakin ƙauye. Ba mota ɗaya ba, biyu, don labarin tsofaffin nan uku ya zaga wayoyin Bangkok, har waɗanda suka shekara biyar ba su zo ba sun ce sai sun gani da idonsu. Yara suka zubo suna gudu suna tsoron agwagi. Prasit, da ya taho tun daga Taiwan, ya sauko daga ta biyun, ya bar karen wurin abokinsa. Ya durƙusa gaban gadon uwarsa ya kifa fuska a cinyarta, ita kuwa tana shafa kansa tana tambayarsa wa ya ce masa wannan askin ya yi kyau.

Washegari samari suka karɓi dogayen ganguna daga hannun tsofaffi, kiɗan ya dawo da saurinsa na da. Huɗu suka ɗauki Lamduan a kan kujera, sama da kawunan jama'a, yadin rigar a cinyarta, suka zaga ɗakin ibada da ita sau uku kamar yadda ake yi. Hannu ɗaya gare ta, da shi ta yi rawar. A ciki 'yan zuhudu biyar suna zaune a jere. Luang Pho ya karɓi yadin, fuskarsa a ɗaure yadda ibada ta buƙata, sai dai gefen bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Kafin motocin su tashi, shugaban ƙungiya ya zo ya haɗa hannu gaban Lamduan ya ce ba za a sake maganar bakin titi ba, in 'yan zuhudu ba su cika biyar ba a sanar da su da wuri, za su nemo a cikinsu.

Sawai ya ƙi tuɓewa. Ya ce hannunsa ya daina rawa, kuma abincin ya fi na gidansa. Bunthom kuwa gari na wayewa ya nemi izini, ya sa tsohon wandonsa, ya taho gida yana riƙe da ƙugun don kada ya zame. Ya sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga ta shi kaɗai ya zaunar da ita a rana.

"A hankali, tsoho, ba gora ba ce."

Ta ga girbi, ta ga lokacin sanyi, ta ci sabuwar shinkafa. Duk watannin nan shi yake mata wanka, shi yake taje mata kai. Bai iya ba. Tsagar takan fito a karkace, ƙullin ya kwance kafin azahar, ita kuma ta riƙe madubi tana faɗa masa irin laifin da ya yi. Mun sha cewa a bar mana mu gyara, ta ce wanda ya ɓata shi zai koya.

Wata safiya, ana dab da fara zafi, yana cikin tajewa ya ji ba a gyara masa komai ba. Ya ci gaba a hankali har ya gama, ya ɗaure gashin, sannan ya fito ya kira mu.

Mun yi mata wanka, mun sa mata zanenta na alharini. Kan kuwa ba wadda ta taɓa a cikinmu. Yadda ya ɗaure shi, a karkace, haka muka raka Lamduan ɗinmu.